Wa ke zaɓar gudu idan na'urorin faks biyu suka haɗu a layi?

Tambaya: A jikin kwalin na'urar faks ɗin ofishinmu an rubuta cewa tana gudun 33,600, amma duk sanda na fitar da rahoton aike sai in ga 14,400, wani lokaci 9,600, har 4,800 na taɓa gani. Wa ke yanke wannan hukunci, tamu ko ta wancan ɓangaren? Kuma kukan nan da ake ji kafin takarda ta fara shiga, mene ne amfaninsa?

Amsa: Malam, lambar da ke jikin kwali gaskiya ce, amma iyakar ƙarfin na'urarku kawai take faɗa, wato yawan bit (ƙwayar bayani, ɗaya ko sifili) da za ta iya aikawa a sakan. Gudun da ake aiki da shi a kowane kira daga wuri uku yake fitowa. Na'urar da aka kira ta bayyana abin da za ta iya, wadda ta yi kiran ta zaɓa daga ciki, sannan a gwada zaɓin a kan layin wayar da ya haɗa su a daidai wannan lokaci. Layin nan shi ke da ta cewa a ƙarshe, kuma shi aka fi mantawa da shi idan ana neman inda matsala take. Kukan da kake ji kuwa, shi ne wannan tattaunawar gaba ɗayanta.

Duk abin yana rubuce a wata ƙa'ida mai suna T.30 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wadda ɓangarenta mai tsara irin waɗannan ƙa'idoji ake kira CCITT a da. Tun 1980, lokacin da aka tsayar da tsarin faks na rukuni na uku, wato G3, na'urori ke bin wannan hanya. Shi ya sa na'urar da aka ƙera bana za ta iya aika wa wadda ta shekara talatin a kan tebur.

Da zarar ka buga lamba, na'urarka za ta fara fitar da wani sauti mai kaɗawa 1,100 a sakan, ta yi rabin sakan tana yi, ta yi shiru na sakan 3, ta sake. Sunansa CNG, kuma abin da yake cewa bai wuce "na'ura ce ke kira, ba mutum ba". Idan wancan ɓangaren ya ɗauka, sai ya mayar da dogon fito mai kaɗawa 2,100 a sakan, na tsawon sakan 2.6 zuwa 4, wanda ake kira CED. Har nan ba a taɓo maganar gudu ba, gaisuwa ce kawai.

Daga nan sai ka ji sautin ya koma kamar ɓari-ɓari, yana rawa tsakanin murya biyu. Nan ne magana ta fara, kuma a gudu mafi ƙanƙanta ake yin ta, bit 300 a sakan, da wani tsohon modem mai suna V.21 (modem shi ne ɓangaren da ke mayar da bit sauti, ya kuma mayar da sauti bit). Murya mai kaɗawa 1,650 tana nufin ɗaya, mai 1,850 tana nufin sifili, shi ke nan. Da gangan aka zaɓi wannan tafiyar hawainiya. Ba yadda za a yi a tattauna gudu da harshen da shi kansa sai layi ya yi kyau ake fahimtarsa. Ko layin da mutum ke jin abokin maganarsa da ƙyar, yawanci zai iya bambanta murya biyu kacal. Kowane saƙo a wannan mataki yana farawa da shimfiɗar kusan sakan 1 domin mai sauraro ya kama zaren, kuma yana ƙarewa da lambar tantancewa mai bit 16, wadda idan ba ta dace da abin da ya iso ba sai a watsar da saƙon a jira maimaici. Su biyun ba sa magana tare, ɗaya ya gama, a ɗan saurara, ɗaya ya karɓa.

Wadda aka kira ita ke fara buɗe baki. Takan turo lambar shaidarta, CSI, wadda ba ta wuce haruffa 20 ba, ita ce kake gani a ɗan allon na'urarka. Sannan ta turo saƙon da ya fi kowanne muhimmanci, DIS. Jerin bit ne, kowanne da matsayinsa: wane faɗin takarda take karɓa, ko tana iya rubutu mai laushi na layi 7.7 a milimita ko iyakarta 3.85, wace dabarar matse hoto ta sani, ko tana da tsarin gyaran kuskure, da kuma lokacin da take buƙata kafin ta gama buga layi ɗaya. Bit na 11 zuwa na 14 su ne na gudu. Abin lura a nan shi ne ba lamba take faɗa ba kamar "ina son 12,000". Irin modem ɗin da ke cikinta take faɗa, kuma kowane modem da matakansa. V.27ter yana da 4,800 da 2,400. V.29 yana da 9,600 da 7,200. V.17, wanda ya zo a 1991, yana da 14,400 da 12,000 da 9,600 da 7,200. Idan ba ta ji amsa ba, takan maimaita DIS duk bayan kusan sakan 3, har kimanin sakan 35, sannan ta ajiye waya.

Na'urarka sai ta ɗora wannan jeri a kan nata, ta ɗauki mafi girman abin da suka yi tarayya a kai, ta mayar da umarni mai suna DCS. Ba ciniki ake yi ba, babu tayi babu albarka. Mai karɓa ta faɗi iyakarta sau ɗaya, mai aikawa ta yanke. To ka ga amsar rabin tambayarka ke nan: idan na'urar wancan ofishi V.29 ne ƙarshen abin da take da shi, ba za ka taɓa ganin fiye da 9,600 a rahotonka ba, ko da layin ya fi madubi tsabta.

Bayan DCS ne ake jin wannan "shhhh" mai kama da iska. Abu biyu ne a cikinsa, kuma yana da kyau a raba su.

Na farko horo ne. Layin waya an gina shi ne don muryar mutum, daga kaɗawa 300 zuwa 3,400 a sakan, kuma ba ya yi wa duk muryoyin adalci. Wasu yakan raunana su, wasu yakan jinkirta su kaɗan, har alamar da aka aiko yanzu ta malala cikin wadda ke biye da ita. Saboda haka mai aikawa takan fara turo wani tsarin alamomi da mai karɓa ta riga ta san yadda ya kamata su kasance. Sai mai karɓa ta kwatanta abin da ya iso da abin da ta sani, ta juya madaidaicin da ke cikinta har karkatar layin ta miƙe. A V.17 cikakken horo yakan ci kusan sakan 1.4, a V.29 kuwa kusan rubu'in sakan.

Na biyu jarrabawa ce, sunanta TCF: sifili zalla na tsawon sakan 1.5 a gudun da aka zaɓa. A 14,400 sifili 21,600 ke nan. Ba su fita a layi a matsayin sauti ɗaya, domin modem yakan cuɗanya bit kafin ya aika, ta yadda sifilan za su yi kama da hoto na gaske, ɗaya ɓangaren kuma ya warware cuɗanyar. Hikimar zaɓar sifili ita ce ba sai an gaya wa mai karɓa amsar ba. Duk inda ta ga ɗaya, ta san layi ne ya jefa shi. Idan ta gamsu, sai ta koma bit 300 ta ce CFR, wato a turo shafi. Idan ba ta gamsu ba, ta ce FTT. Mai aikawa sai ta sauko mataki, ta turo sabon DCS, sabon horo, sabuwar jarrabawa. Haka za a yi ta saukowa, 12,000, 9,600, 7,200, 4,800, har 2,400. Idan can ma abin ya ƙi, sai a aika DCN a katse. Idan kana kusa da na'ura ka ji ɓari-ɓari, shhhh, ɓari-ɓari, shhhh har sau uku ko huɗu takarda ba ta motsa ba, saukowar nan kake ji da kunnenka.

Me ya sa layin da ya ƙi 14,400 zai karɓi 9,600? V.17 da V.29 duk alama 2,400 suke aikawa a sakan, saurin bugun ba ya canzawa. Abin da ke canzawa shi ne yawan bit da ake ɗora wa kowace alama. Kowace alama wani haɗi ne na ƙarfin sauti da matsayin kaɗawarsa, kuma injiniyoyi sukan zana haɗe-haɗen a matsayin ɗigogi a kan takarda. A 14,400 kowace alama tana ɗauke da bit 6 na saƙo, kuma ɗigogin 128 ne. A 12,000 bit 5 ne da ɗigo 64, a 9,600 bit 4 da ɗigo 32, a 7,200 bit 3 da ɗigo 16. Filin da ake zuba su bai ƙaru ba, domin ƙarfin da aka yarda a saka wa layi yana da iyaka. Kamar rubutu ne a shafi ɗaya: idan ka ƙanƙanta haruffa ka cusa da yawa, ɗan dattin da ba zai hana karanta manyan baƙaƙe ba zai mayar maka da wannan harafi wancan. Hayaniyar layi takan tura alama kaɗan daga mazauninta, idan ɗigogin sun matsu sai ta faɗa gidan maƙwabciya. Za ka lura cewa bit 6 ɗigo 64 kawai yake buƙata, amma V.17 ya ninka su. Bit ɗin da aka ƙara na kariya ne, yana ɗaure kowace alama da waɗanda suka gabace ta, ta yadda mai karɓa za ta duba jerin gaba ɗaya ta gane wanne ne ya fi yiwuwa. Saboda wannan ne 9,600 na V.17 ya fi 9,600 na V.29 jure wa mugun layi, duk da lamba ɗaya za ka gani a rahoto.

Ga wani abu da ke rikita masu gyara. Ƙa'idar ba ta ƙayyade yawan kuskuren da za a yafe a jarrabawar TCF ba, ba ta kuma ɗaure kowa a kan matakan da zai bi wajen saukowa ba. Masu ƙera na'ura aka bar wa wannan. Wata na'urar tana da tsanani, ɗan kuskure kaɗan ta ce FTT. Wata tana da sassauci, ta karɓi gudun da layin ba zai iya riƙewa ba. Shi ya sa na'urori biyu a layi ɗaya, suna karɓa daga mutum ɗaya, ɗaya za ta nuna 14,400 ɗaya 9,600. Kada ka yi saurin cewa ta biyun ce ta lalace. Sau da yawa ita ce shafinta ke fita tsaf.

A ganina babban raunin tsarin yana nan: sakan ɗaya da rabi ne ke yanke hukunci a kan kiran da zai iya kai minti goma. Layin da hayaniyarsa ke zuwa jefi-jefi, ƙas yanzu, ƙas bayan sakan ashirin, zai ci jarrabawa lafiya lau, sannan ya ɓata shafi. Waɗanda suka tsara T.30 sun san da haka, shi ya sa ba su rufe maganar gudu a farkon kira ba. Bayan kowane shafi, mai aikawa takan koma bit 300 ta ce akwai saura, MPS, ko ta gama, EOP. Mai karɓa tana da amsa uku. MCF na nufin shafi ya iso lafiya. RTP na nufin ya karɓu amma a sake horo. RTN na nufin bai yi kyau ba, kuma a nan yawancin na'urori sukan sauko da gudu kafin su ci gaba. Da wuya ka ga wadda ta sake hawa sama a kira ɗaya bayan ta sauko.

Idan duka biyun suna da tsarin gyaran kuskure, ECM, abin ya fi haka kyau. Ana yanka shafi gutsure-gutsure, yawanci bayit 256 kowanne (bayit ɗaya bit 8 ne), a tara har gutsure 256 a dami ɗaya, kowane gutsure da lambarsa da lambar tantancewarsa. Bayan dami ya wuce, mai karɓa ta turo PPR, jerin lambobin waɗanda suka lalace, a sake aiko su kaɗai. Idan aka yi haka sau huɗu a dami ɗaya bai kammala ba, mai aikawa tana iya turo CTC ta rage gudu a tsakiyar shafi. Ba tare da ECM ba, kuskure yakan fito a takarda a matsayin zane baƙi ko layin da ya ɓace, kuma idan a kan lambar asusu ko adadin magani ya faɗa, ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga 33,600 ɗinku. Wannan na V.34 ne, wanda masu sayarwa ke rubutawa Super G3, kuma hanyarsa daban ce. Na'urar da aka kira takan amsa da fito 2,100 ɗin nan, amma da wata 'yar rawa a cikinsa, ƙarfinsa yana hawa yana sauka sau 15 a sakan. Sunansa ANSam. Tsohuwar na'ura za ta ɗauke shi CED ne kawai ta jira DIS, komai ya tafi yadda na bayyana. Mai V.34 kuwa za ta gane alamar, ta amsa, su yi musayar abin da suke iyawa bisa ƙa'idar V.8. Sannan su auna layin kai tsaye: a turo muryoyi da yawa lokaci guda, tsakanin kowace da ta kusa da ita kaɗawa 150, daga 150 har 3,750, mai karɓa ta duba wacce ta iso da ƙarfi, wacce ta raunana. Da wannan awo ake zaɓar saurin bugun alama, daga 2,400 har 3,429 a sakan, da gudun bit, wanda ke hawa da tazarar 2,400 har 33,600. Babu TCF, babu faɗuwa a sake, an auna tukuna aka zaɓa. ECM kuma dole ne a nan. Amma sai duka na'urorin biyu suna da V.34, kuma duk abin da ke tsakaninsu ya bar wannan sauti ya wuce yadda yake. Idan ɗaya ya rasa, 14,400 ne rufinku.

Abin da ke tsakani shi ne ya fi canzawa a shekarun nan. Layukan waya da yawa yanzu ta intanet suke bi, ko da wayar tagulla kake gani a bango. Idan aka matse sautin da tsarin da aka yi don muryar mutum, irin G.729 mai bit 8,000 a sakan, faks ba zai rayu a ciki ba, domin wannan tsari yana watsar da duk abin da kunne bai damu da shi ba, kuma modem a kan wannan yake rayuwa. G.711 mai bit 64,000 a sakan yana barin sautin ya wuce, amma idan fakiti ɗaya, wato ɗan ƙunshin da intanet ke ɗaukar sauti a ciki, mai sauti na milisakan 20 ya ɓace a hanya, a 14,400 bit 288 ne suka tafi lokaci guda, kuma modem zai iya rasa zaren gaba ɗaya. Mutum ba zai ma ji giɓin ba. Don haka aka fito da T.38 a 1998: na'urar tsakani ta saurari faks ɗinka, ta mayar da sautin bit, ta tura ta intanet, wata a can ta sake mayar da shi sauti. A wannan hali faks ɗinka da na'urar tsakani yake horo, ba da faks ɗin can ba. Da yawa daga cikin na'urorin tsakani ba su ɗaukar V.34, wasu ma sukan gyara bit ɗin gudu a cikin DIS yana kan hanya, su rage shi zuwa abin da aka saita musu. Sai ka ga na'urori biyu sababbi fil suna magana a 9,600, alhali ba ɗayansu da ya nemi haka.

Shawarar da nake bayarwa ba ta yi wa masu son babbar lamba daɗi, amma lissafi ne. Ɗauki shafin da bayan an matse shi ya zama bit 300,000, misali. A 14,400 zai ci kusan sakan 21, a 9,600 kusan 31, a 4,800 kusan 63. Ribar 14,400 a kan 9,600 sakan 10 ce. Kowace faɗuwa a jarrabawa kuwa, idan ka haɗa shimfiɗa da DCS da horo da TCF da FTT, takan ci sakan 5 zuwa 6. Faɗuwa biyu ta cinye ribar shafin, kafin a zo ga maimaicin ECM ko kiran da ya katse a shafi na bakwai aka faro daga farko. A nan sauri yakan haifi nawa da gaske. Akwai ma inda gudu ba ya ƙara komai: tsohuwar na'ura marar ECM da ta ce a DIS tana buƙatar milisakan 20 ga kowane layi, shafin A4 mai layi kusan 1,140 ba zai wuce ƙasa da sakan 23 ba, mai aikawa sai dai ta riƙa cike giɓin da sifilai tana jira.

Saboda haka ka ɗauko rahoton aikenku na kwanaki, ka duba gudu a gefen kowace lamba. Idan wata lamba kullum 14,400 ko 9,600 take ba canji kuma shafuka suna isa, iyakar na'urarsu ke nan ko ta hanyar da ke tsakani, babu abin gyara a wajenku. Idan lamba ɗaya ce ke hawa da sauka, yau 14,400 gobe 4,800, sauran kuma suna nan daram, matsalar ta ɓangarensu ce, ka gaya musu. Idan kuwa kowace lamba tana saukowa, layinku ne: a duba igiyar da ta fito daga bango, a cire duk wata waya ko na'urar amsa kira da ke raba layin, a tabbatar da matatar DSL, wadda ke raba sautin intanet da na waya, idan intanet ɗinku ta wannan layi yake shigowa, sannan a tambayi masu ba ku layi ko ta intanet kiran ke bi, kuma ko T.38 a kunne yake. Idan ta intanet ne, ka shiga saitin na'urar ka kashe V.34, ka sa gudun farawa a 9,600 wajen aikawa da karɓa duka. Wasu za su ce maka ka kashe ECM ma, kuma gaskiya ne hakan yakan sa kiran da ke katsewa ya kai ƙarshe. Ni ban yarda a fara da wannan ba, domin kashe shi ba ya rage kuskure, a kan takardar mai karɓa kawai yake zube shi, kai kuma rahotonka ya nuna maka an aika lafiya. Ka rage gudu tukuna, ka bar ECM a kunne, sai idan a 9,600 ɗin ma kira yana katsewa da wata lamba ka gwada kashe shi, ka kuma kira su su karanta maka abin da ya fito.